Abin Da Aka Rubuta A Jikin Kwalba Shaida Ce

 

'Yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako zai kai mu Turai da Amurka, mu duba yadda hukumomin can suke hukunta masu rubuta ƙarya a jikin kwalaben giyar inabi. Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa filin addinin Musulunci da kwalbar giya? To, bari mu fara yanke wannan magana. Giya haramun ce da nassin Alƙur'ani, a aya ta 90 da ta 91 cikin Suratul Ma'ida, da Sunna, da ijma'in malamai. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mutum 10 a kanta, a cikinsu har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta. Saboda haka kome gaskiyar abin da aka rubuta a jikin kwalbarta, ba zai mayar da ita halal ba.

Dalilinmu na ɗauko wannan batu biyu ne. Na farko, giyar inabi tana cikin hajojin da Turawa suka daɗe suna kokawa da masu algus a kansu, fiye da shekara 130 ke nan, har suka gina dokoki da ofisoshi da hanyoyin bincike waɗanda mai hankali zai iya koyon wani abu daga gare su game da tsaron kasuwa. Na biyu, wasu daga cikin waɗannan kwalabe suna isowa kantunanmu da wuraren bukukuwanmu da sunan ba su da barasa, Musulmi kuwa yana bukatar ya san abin da irin wannan rubutu yake nufi a dokar masu yin sa.

Yabon adalci a inda aka same shi ba baƙon abu ba ne a addininmu. Tun kafin annabci, wani fatake mutumin Zubaida ya kawo kaya Makka, wani babban Baƙuraishe ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta. Shi ne alkawarin da ake kira Hilful Fudul. Manzon Allah (S.A.W.) ya halarce shi yana saurayi, kuma bayan zuwan Musulunci ya yabe shi, ya nuna cewa da za a kira shi zuwa irinsa da ya amsa.

Ma'anar kalmomi uku

Kalmar algus da muke faɗa a Hausa daga Larabci ta zo, watau al-gishshu. Ma'anarta cakuɗa abu mai kyau da marar kyau, ko da abin da ba jinsinsa ba, kamar zuba ruwa a nono ko yashi a gero. Kalma ta biyu ita ce tadlisi. Malaman lugga sun ce asalinta daga dalas ne, watau duhu, domin mai tadlisi yana ɓoye aibin hajarsa ya bar mai saye cikin duhu, ko da bai furta ƙarya da bakinsa ba. Da wannan kalma ce malaman hadisi suke siffanta mai ruwayar da yake ɓoye wanda ya ji hadisi daga gare shi. Kalma ta uku ita ce hamru, sunan giya a Alƙur'ani. Asalinta lulluɓewa, kuma tushensu ɗaya da himar, mayafin mata. Buhari da Muslim sun kawo cewa Sayyadina Umar ya bayyana a kan mumbari cewa sa'ad da aka haramta ta ana yin ta da abu 5, inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir, sa'an nan ya fassara ta da duk abin da yake rufe hankali. Da wannan fassara burukutu da bammi suka shiga hukunci ɗaya da giyar inabi.

Mai karatu ya riƙe kalmomin nan biyu na farko, domin duk shari'o'in da za mu ambata ba su fita daga ɗayansu ba. Ko dai an ɓata abin da ke cikin kwalba, ko kuwa an yi wasa da abin da aka rubuta a jikinta.

Yadda Faransa ta kai ga doka

Wajen 1863 wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwar inabi, wanda ake kira filoksera, ya ɓulla a kudancin Faransa daga Amurka. Ya yi ɓarna ƙwarai, har daga 1875 zuwa 1889 abin da ƙasar take samarwa ya faɗi zuwa ƙasa da sulusi. Da haja ta yi ƙaranci, masu algus suka sami kasuwa. Aka riƙa jiƙa busasshen inabi a ruwa, ko a zuba sukari da ruwa a kan tuƙar da aka riga aka matse, a ƙara launi, a sayar da sunan giyar inabi. Wannan ya sa a 1889 majalisar ƙasar ta yi doka ta iyakance sunan, ta ce ba a kiran abu da shi sai wanda aka yi da ɗanyen inabi. A ranar 1 ga Agusta 1905 kuma aka yi babbar doka ta hana zamba da algus a cikin kayan ciniki da na abinci baki ɗaya.

Amma fa yin doka daban, zartar da ita daban. Gonaki suka farfaɗo, jabu bai bar kasuwa ba, haja ta yi yawa, farashi ya karye, manoma suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A watan Maris na 1907 manoma 87 daga ƙauyen Argeliers, ƙarƙashin jagorancin Marcelin Albert, suka taka zuwa garin Narbonne domin kai kukansu. Taro ya riƙa ƙaruwa mako bayan mako, har a ranar 9 ga Yuni mutane fiye da rabin miliyan suka cika birnin Montpellier. Gwamnatin Clemenceau ta aika da soja, aka yi harbi a Narbonne, aka rasa rayuka, wata runduna kuma ta 'yan yankin ta yi bore. Sai bayan an zubar da jini aka yi dokar 29 ga Yuni 1907, wadda ta tsananta a kan ƙara ruwa da sukari, ta kuma wajabta wa kowane manomi ya bayyana wa hukuma yawan abin da ya samu kowace shekara. A wannan shekara ce aka kafa ofishin yaƙi da zamba mai ma'aikatan da suke zagayawa suna bincike. A 1935 aka ƙara da tsarin kare sunayen yankuna, watau ba mai rubuta sunan wani yanki a kwalbarsa sai inabin a can aka noma shi, bisa ƙa'idojin da aka shimfiɗa.

Amurka ma a 1935 ta yi tata dokar, wadda a ƙarƙashinta sai hukumar tarayya ta duba takardar da za a liƙa wa kwalba ta amince da ita kafin a yi fataucin hajar tsakanin jihohi. A ƙa'idar tarayya ta can, wanda ya rubuta sunan wani irin inabi dole aƙalla kashi 75 cikin 100 na abin da ke ciki ya zama daga wannan iri ne. A Tarayyar Turai kashi 85 ne. Tun daga 8 ga Disamba 2023 kuma Tarayyar ta wajabta bayyana abubuwan da aka haɗa giyar da su.

Inda rubutu ya yi ƙarya

A watan Fabrairu na 2010 wata kotu a garin Carcassonne ta kudancin Faransa ta sami mutum 12 da laifi. Daga 2006 zuwa 2008 sun sayar wa wani babban kamfanin Amurka giya mai yawan kwalba kimanin miliyan 18 da sunan wani irin inabi mai tsada da ake kira Pinot noir, alhali akasarinta da iri mai araha aka yi ta. Abin lura a nan shi ne, ba harshen masu ɗanɗano ne ya tona asirin ba, lissafi ne. Masu bincike sun duba littattafan wani dillali suka ga farashin da yake saye ya yi araha fiye da kima, kuma yawan abin da yake sayarwa ya wuce abin da yankin zai iya nomawa na wannan iri. Wajabcin bayyana amfanin gona, wanda aka fara tun 1907, shi ne ya ba su abin da za su gwada da shi.

A Amurka an yi shari'ar wani ɗan Indunusiya mai suna Rudy Kurniawan, wanda ya shahara wajen sayar wa attajirai tsofaffin kwalabe masu tsadar gaske. A 2008 aka fito da wasu kwalabensa gwanjo a New York, masu ɗauke da sunan wani gidan giya na Faransa da shekarun 1945 zuwa 1971. Mai gidan, Laurent Ponsot, ya taso da kansa ya sa aka janye su, domin gidansu bai fara yin wannan giya ba sai a 1982. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2012 'yan sandan tarayya suka kama shi a gidansa da ke Kalifoniya, suka tarar da tarin takardun liƙawa na jabu da hatimai da marufai da tsofaffin kwalabe. A 2014 aka yanke masa ɗaurin shekara 10, aka umarce shi ya biya waɗanda ya cuta fiye da dala miliyan 28, a 2021 kuma aka mayar da shi ƙasarsu.

Misali na uku shi ne ya fi dacewa da kalmar tadlisi. A 2018 hukumar yaƙi da zamba ta Faransa ta bayyana cewa ta gano giyar Sifen mai yawan kwalba kusan miliyan 10 da aka sayar kamar ta Faransa ce. Wasu ƙarya suka rubuta kai tsaye. Wasu kuwa dabara suka yi, suka zana tutar Faransa ko hoton wani katafaren gida irin na can a gaban kwalba, suka rubuta sunan Sifen da ƙananan baƙaƙe a bayanta, inda ido ba ya kaiwa. Hukuma ba ta karɓi uzurin cewa ai an rubuta ba, domin abin da take dubawa shi ne abin da mai saye zai fahimta. A dokar ƙasar ta wancan lokaci, yaudarar mai saye tana iya jawo ɗaurin shekara 2 da tarar Yuro 300,000.

Inda algus ya kai ga rai

A 1985 aka gano cewa wasu masu yin giya a Ostiriya suna zuba wani sinadari mai guba da ake kira dayatilin gilaikol, domin ya ƙara wa giya mai araha zaƙi da kauri, su rubuta mata daraja irin ta mai tsada. Jamus ta Yamma, wadda ita ce babbar mai sayenta, ta gargaɗi jama'arta, sauran ƙasashe suka janye ta daga kantuna. An ɗaure wasu daga cikin masu laifin, amma hasarar ba ta tsaya a kansu ba. Abin da ƙasar take fitarwa waje ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin 100, bai koma yadda yake ba sai wajen 2001. Wake ɗaya ya ɓata gari, mai gaskiya ya sha wuya tare da maha'inci. A shekarar nan ta 1985 majalisar ƙasar ta yi sabuwar doka mai tsanani ƙwarai.

Shekara guda bayan haka, a 1986, sai ga wadda ta fi ta muni a arewacin Italiya. Wasu 'yan kasuwa suka ƙara wa giya sinadarin metanol domin ƙarfinta ya kai abin da aka rubuta a kwalba da kuɗi kaɗan. Mutane kimanin 20 suka mutu, wasu suka makance.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka cewa ta jabu ce kaɗai mai kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a 2019 shan barasa ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 2.6. Dokokin Turai suna kare aljihun mashayi da sunan manomi, Shari'a kuwa ta tare abin tun daga tushe domin kare hankali da rai da dukiya gaba ɗaya. Abin koyi a wurinsu shi ne tsarin tsaron kasuwa, ban da hajar.

Abin da Shari'a ta shimfiɗa

Allah Maɗaukakin Sarki Ya buɗe Suratul Muɗaffifina da narkon azaba ga masu tauye mudu, waɗanda suke cikawa in za su karɓa, su rage in za su bayar. A Suratu Hud, aya ta 84 da ta 85, Ya ba mu labarin Annabi Shu'aibu (A.S.) yana kiran mutanen Madyana zuwa tauhidi, a tare da haka yana hana su tauye ma'auni da rage wa mutane kayansu. A Suratun Nisa'i, aya ta 29, Ya hana cin dukiyar juna da ɓarna, sai ta hanyar ciniki bisa yarda. Yardar da aka samo ta hanyar ɓoye gaskiya kuwa ba cikakkiyar yarda ba ce, domin mutum ya yarda da abin da aka siffanta masa ne, aka ba shi wani.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka ji danshi. Ya tambayi mai shi, ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya yi masa faɗa a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Ku lura, 'yan'uwa, mutumin nan bai furta ƙarya ba, busasshe kawai ya ɗora a sama. Wannan da mai ɓoye sunan Sifen a bayan kwalba aikinsu ɗaya ne. Ku lura kuma cewa Manzon Allah (S.A.W.) bai tsaya ga ganin saman tarin ba, sai da ya sa hannu ciki. Ashe bincike a kasuwa sunna ce ta shugabanni.

Haka nan Buhari da Muslim sun kawo hanin ɗaure hantsar dabba a bar nono ya taru domin mai saye ya zaci mai yawan nono ce. An ba mai saye zaɓi, ko ya riƙe ta, ko ya mayar da ita tare da sa'i guda na dabino. Daga irin wannan malamai suka fitar da haƙƙin mayar da haja saboda aibi ko yaudara. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a babin ciniki na Risala wadda ɗalibai suke karantawa a zaurukanmu, ya jera tadlisi da algus da yaudara da ɓoye aibi da cakuɗa mai kyau da marar kyau cikin abubuwan da ba su halatta ba. Wannan hani bai keɓanta ga ciniki da Musulmi ba. Cutar wanda ba Musulmi ba ma haramun ce, kuma aya ta 8 cikin Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya da wasu mutane ta kai mu ga barin adalci.

Zartar da wannan duka aikin hisba ne. An ruwaito cewa bayan buɗe Makka an ɗora Sa'idu ɗan Sa'idu ɗan Asi a kan kasuwarta. Yahaya ɗan Umar, malamin Malikiyya da ya zauna a Ƙairawan ya rasu a 289 bayan Hijira, ya rubuta littafin Ahkamus Suƙ a kan hukunce-hukuncen kasuwa, Almawardi kuma ya keɓe wa hisba babi a cikin Al'ahkamus Sulɗaniyya. An ruwaito cewa Sayyadina Umar yakan zubar da nonon da aka yi wa algus domin ladabtar da mai shi, Imam Malik kuwa ya fi ganin a yi sadaka da shi. A kan wannan ra'ayi Shehu Halil ya tafi a Muhtasar. Malaman mazhabar sun ƙara da cewa wanda ya mayar da algus al'ada a fitar da shi daga kasuwa, domin wannan ya fi masa zafi a kan duka. Sadaka kuwa da abin da ba ya cutarwa ake yin ta, mai guba sai halakarwa. Mai karatu zai ga cewa ƙwace haja, da rufe kanti, da bincike ba tare da sanarwa ba, waɗanda ofisoshin Turai suke yi, suna cikin littattafanmu tun fiye da shekara 1,000.

Inda abin ya shafe mu

Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Abu Malik Al'ash'ari cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ba da labarin wasu daga al'ummarsa da za su sha giya suna kiranta da wani suna. Canza suna shi ne mafi girman ƙaryar da ake yi a jikin kwalba, in da Musulmi ake ciniki. Akwai abubuwan sha da ake tallarsu da sunan maganin gargajiya ko na ƙarin kuzari, alhali in an duba ƙananan baƙaƙen da ke gefe sai a ga yawan alkohol, watau sinadarin da ke sa maye, wanda yakan fi na giyar kwalba. Ƙa'idar Shari'a a nan bayyananniya ce, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, duk abin da mai yawansa yake sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Hukunci yana bin abin da ke ciki, ba ya bin suna.

Sai kuma dogayen kwalaben nan da ake jerawa a wuraren biki. Iri biyu ne, kuma ya kamata a rarrabe su. Akwai ruwan inabi zalla wanda bai taɓa zama giya ba, an dai sa masa iska mai kumfa. Wannan halal ne. Akwai kuma wanda aka fara yin sa giya sosai, sa'an nan aka cire masa alkohol da na'ura. A ƙa'idar Amurka, in an rubuta "non-alcoholic" ana nufin alkohol ɗin da ke ciki bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, ba wai babu shi sam ba, "alcohol free" kuwa ba a rubuta shi sai in babu ko kaɗan. A dokar Tarayyar Turai ta 2021, "de-alcoholised" yana nufin giyar inabi ce da aka rage ƙarfinta har bai wuce rabin kashi 1 ba, in kuwa an ƙara kalmar "partially" to ya wuce haka. Watau mai kamfani bai karya dokar ƙasarsa ba, amma Musulmin da bai san ƙa'idar ba yana iya fahimtar abin da ba shi ake nufi ba.

Malaman zamani sun saɓa a kan irin na biyu. Wasu sun duba cewa kome yawan da aka sha ba zai sa maye ba, sai suka sauƙaƙa. Wasu sun duba asalinsa suka hana. Majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya, alal misali, ta yanke a 2011 cewa abin shan da ba don giya aka yi shi ba, in alkohol ɗin da ke cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ya halatta, amma wanda aka yi da niyya da hanyar yin giya haramun ne ko da an cire masa alkohol. Shawararmu ga mai karatu ita ce ya bi hanyar da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya nuna, watau barin abu mai shubuha domin kuɓutar da addini da mutunci. Zoɓo da kunun aya da ruwan 'ya'yan itace sun ishi mai biki.

Kada kuma mu ɗauka cewa gubar Ostiriya labarin nesa ne. Wannan sinadari na dayatilin gilaikol shi ne aka samu a 2008 cikin maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin a nan Nijeriya, yara aƙalla 84 suka rasu. A 2013 babbar kotun tarayya da ke Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin 2 ɗaurin shekara 7 kowannensu. A 2022 shi da wani ɗan'uwansa aka samu cikin magungunan tari da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya. Iyayen yaran nan sun karanta magani a jikin kwalba, suka gaskata. A watan Disamba na 2023 kuma hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna, ta rufe shaguna fiye da 200 a wata kasuwa da ke Aba, inda ake haɗa giya da lemo da wasu kayan sha na jabu ana liƙa musu sunayen kamfanoni. Hannun da ya iya buga takardar jabu ta giya zai iya buga ta madara da ta magani.

Abin da ya hau kan kowa

Ɗan kasuwa ya sani cewa abin da ya rubuta a jikin buhu ko kwalba ko gwangwani shaida ce yake bayarwa ga mutanen da bai taɓa gani ba, kuma za a tambaye shi a kanta. Mai zuba shinkafar gida a buhun ta waje, da mai goge ranar lalacewar magani ya buga sabuwa, da mai haɗa zuma da sukari ya rubuta zalla, da mai liƙa tambarin halal a kan abin da ba wanda ya bincika, duk suna ƙarƙashin hadisin tarin abincin nan. Buhari da Muslim sun kawo daga Hakimu ɗan Hizam cewa gaskiya da bayani suna jawo albarka a ciniki, ƙarya da ɓoyewa kuwa suna shafe ta.

Hukuma ta sani cewa doka ba ta tsare kanta. Tarihin Faransa ya nuna abin da ake bukata, watau a iyakance ma'anar kowane suna, a wajabta ajiye lissafi, a sami ɗakunan gwaji da ma'aikata masu amana waɗanda albashinsu ya ishe su, hukunci kuma ya hau babban ɗan kasuwa kamar yadda yake hawan mai tebur. Hukumomin hisba na jihohinmu, irin ta Kano da aka yi wa doka a 2003, an san su da fasa kwalaben giya. Ya kamata a san su kamar haka wajen duba mudu da sikeli, da haɗa hannu da masu ɗakunan gwaji, domin tsaron kasuwa yana cikin tushen aikin muhtasibi a littattafan fiƙihu. Shugabannin kasuwanni ma suna da rabonsu, tun da sun fi kowa sanin masu ɓata musu suna, kuma abin da ya sami manoman Ostiriya ya isa ishara.

Mai saye shi ma yana da nasa. Ya juya kwalba ya karanta bayanta, ya nemi yawan alkohol da lambar rajista da ranar lalacewa. Wanda bai iya karatun boko ba ya ba ɗansa ko maƙwabcinsa ya duba masa. Arahar da ta wuce kima abin tuhuma ce. Wanda kuma ya ga ana haɗa jabu ya sanar da hukuma, domin wannan yana cikin hani da mummuna, kuma mai yiwuwa ran wani jariri ne zai ceta.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu da abin shanmu da dukiyarmu, Ya ba 'yan kasuwarmu gaskiya da riƙon amana, Ya ba shugabanninmu ikon tsayar da adalci a kasuwa da wajenta.